Ranar da Isiyaku Ya Auna Surukinsa

A unguwar Shifa da ke kudancin birnin Riyad an yi wani bakanike mai suna Isiyaku. Mutumin Gombe ne, ya shigo Saudiyya da iƙamar leburan gini, wato takardar izinin zama, amma Allah ya hore masa hannun gyara. Bai daɗe yana ɗaukar bulo ba kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya lura da haka, ya mayar da shi kula da dabbab ɗinsa, wato baburan nan masu ƙafa huɗu da ake haya a hau tudun yashi da su a Sumama, can arewa da gari. Ya iya aiki, ba zan rage masa ba. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya tambaya. Ya yarda da idonsa fiye da bakin kowa. In ka kawo masa babur ka fara bayani, kafin ka kai tsakiya zai ɗaga maka hannu ya ce, "Halas, na gane," wato shi ke nan, ya isa. Sau da yawa kuwa ya gane ɗin, kuma wannan ne ya ƙara ɓata shi.

Abin da aka fi nemansa a kai shi ne saitin sifirin da shokazoba. A kan kowace ƙafar babur akwai sifirin, a gindinsa kuma akwai zoben ƙarfe da ake murɗawa da sifana. In ka ɗaure zoben, babur ya yi tauri, ya iya ɗaukar mai jiki. In ka sassauta, ya yi laushi, ya dace da mara nauyi. Mai jiki a kan laushi, babur zai zauna da shi har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Mara nauyi a kan tauri kuwa, duk abin da taya ta taka a ƙashin bayansa zai sauka, kan babur kuma ya riƙa fizge masa hannu. Isiyaku ya san wannan sarai. Sai dai shi kallon mutum kawai yake yi daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauki sifana.

Akwai wani Injiniya Zulkifilu da ke aiki da wani kamfanin ruwa, yana da dabbab nasa na kansa, yakan kawo wa Isiyaku ranar Juma'a da yamma. A Kanada ya yi karatu. Wata rana yana tsaye yana kallon Isiyaku na murɗa zobe, sai ya kira shi yadda ake kiran gwanin sana'a a can, ya ce, "Mu'allim, ba ka ce in hau ba."

"Ka hau ka yi me, Injiniya? Ai na gan ka."

Zulkifilu ya yi murmushi ya ce, "Can inda na yi karatu suna da wani babur na dusar ƙanƙara. Ba shi da taya, gabansa wasu faifai ne dogaye masu zamiya, bayansa kuma bel ne mai haƙora. Na taɓa raka wani abokina wajen mai gyaransa. Wallahi mutumin nan bai taɓa sifana ba sai da ya sa mai babur ya hau da duk kayan sanyinsa. Ya auna tsayin babur babu kowa, ya sake aunawa da mutum a kai, ya ga iya inda ya nutse. Sannan ya murɗa abu ɗaya tak, ya ce je ka zagayo. Da ya dawo ya tambaye shi, ya ka ji? Ina ya buge ka? Haka suka yi ta yi har mai babur ya ce ya yi."

Isiyaku ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Injiniya ke nan! Nan ka ga ƙanƙara? Su sanyi ne ya daskarar musu da ido, shi ya sa suke neman abin awo. Ni idona shi ne sikelina."

"Ƙanƙara ko yashi, ai bayan mutum ɗaya ne," in ji Zulkifilu. Ya ga maganar ba ta shiga, sai ya bar shi da sifanarsa.

Matar Isiyaku, Safiyatu, a Riyad aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Mahaifinta Malam Sambo direba ne, ya yi shekara da shekaru yana ɗauko kayan lambu daga kasuwar Aziziya a ƙaramar motar kaya yana rarraba wa shaguna. Da wannan tuƙin ya aurar da 'ya'yansa, da shi yake riƙe da iyalin ƙaninsa da ya rasu a gida, kuma a kansa iƙamarsa ta rataya. Direban da ba ya iya zama a kujera ba shi da zama a ƙasar. A da Malam Sambo ƙato ne, in ya shiga mota sai ta karkata. Amma ciwon suga ya cinye shi a hankali, bayansa kuma ya fara ba shi wahala. Bai canza jallabiyoyinsa ba, yana nan cikin manyan nan na da, kuma ba mutum ne mai kai ƙara ba.

Wani lokacin sanyi Malam Sambo ya ce yana so ya je ya ga inda surukinsa ke aiki. Ya ce yana saurayi ya yi tashe da babur a Kumo, kuma duk zamansa a Riyad bai taɓa taka yashin da ake ta labari ba. Isiyaku ya ji daɗi ƙwarai. Ya zaɓi babur mafi kyau a wurin, ya wanke shi, ya canza masa mai.

Da safen ranar, Safiyatu tana zuba shayi a fulas ta ce, "Don Allah ka yi wa Baba shuwayya shuwayya, a hankali. Ya rame fa sosai, kai ne ba ka lura ba. Kuma bayansa yana..."

"Halas, na gane," in ji Isiyaku yana neman makulli. "Ke da ba ki san sifana ba za ki koya mini aikina?"

Ta rufe fulas ɗin ta miƙa masa, ranta bai so ba.

Bayan sallar Juma'a suka isa Sumama. Iska na kaɗawa da sanyi, don haka Malam Sambo ya ɗora farwa a kan jallabiyarsa, babbar rigar sanyin nan ta Larabawa mai gashi a ciki. Isiyaku ya kalle shi daga nesa, kai a sunkuye kamar yadda ake kallon suruki. Abin da ya gani shi ne ƙaton da ya ba shi aure. Ya ce a ransa, ai abin kunya ne babur ya zauna da Baba a gaban jama'a. Ya durƙusa ya ɗaure zobban nan huɗu tamau.

Zulkifilu yana wurin, ya matso ya yi ƙasa da murya. "Mu'allim, ka sa dattijon ya hau ka gani tukuna."

"Haba Injiniya! In ce wa surukina hau, sauka, sake hawa, kamar ɗan makaranta? In tsuguna ina auna shi? Ina kunyar take?"

A nan ne nake jin haushin Isiyaku har yau. Kunya gaskiya ce, yana jin nauyin Malam Sambo. Amma da kunyar ce kaɗai, da ya roƙi Zulkifilu ya yi masa awon, ko ya kira Safiyatu a waya ya ji ƙarshen maganarta. Ba ya dai so a ga Mu'allim yana tambaya, sai ya samu kunya ya fake a bayanta.

Malam Sambo ya tattara farwarsa ya hau. Babur bai ko motsa ba, ya tsaya ƙiƙam kamar ba a ɗora masa komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya faɗa wa bakanike komai. Amma Isiyaku ya kawar da kai don ladabi, yana goge hannu da tsumma, bai gani ba.

Dattijon ya ja a hankali, yana dariya kamar yaro. Ya zagaya fili, ya nufi wani gangare mara tsawo. A gindin gangaren tayoyin baburan mutane sun yi wa yashin kunya-kunya, ya taurare. Da babur ɗin na da laushi, da ya lanƙwashe ya wuce. Sai ya shiga tsalle, kan babur na fizga hagu da dama, bayansa na harbawa. Ya cilla Malam Sambo sama, ya dawo kan kujera da dukkan ƙashin bayansa, sannan ya zame ya faɗi gefe. Ko ihu bai yi ba.

Isiyaku ne ya fara isa. Hankalinsa a tashe, bai jira kowa ba, ya sa hannu ya tattara ƙarfinsa don ya ɗaga ƙato. Sai ya ji mutumin ya taso masa kamar ƙullin wanki. Cikin farwar nan babu komai sai ƙashi da fata. Ya tsaya da surukinsa a hannu. Awon da ya ƙi yi da sifana a ajiye, ga shi ya yi shi da hannunsa bayan aiki ya riga ya ɓaci.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya tsage a ƙasa, inda dama ya yi rauni. Zai warke ya taka da sanda in Allah ya so, amma zaman tuƙi ya ƙare. Kafilin Malam Sambo mutumin kirki ne, ya yi haƙuri na ɗan lokaci, amma tumatir ba ya jiran mara lafiya. Ya ɗauki wani direba, aka fara shirya wa dattijon komawa gida gaba ɗaya.

Safiyatu ba ta yi wa mijinta faɗa ba. Ya so ma ta yi. Sai dai ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki.

Wata rana da la'asar Isiyaku ya durƙusa a gaban gadon surukinsa ya ce, "Baba, ni na jawo. Na ɗaure babur ɗin don mai nauyi. Ban tambaya ba. Ka yafe mini."

Malam Sambo ya juyo da kai ya dube shi. Sannan ya ce, "Malam Isiyaku, ai tun da na zauna na ji ya yi tauri kamar benci. Na tuƙa mota tun ba a haife ka ba, na san abin da bayana ke so. Na ɗaga kai in faɗa maka, sai na ga yadda ka wanke shi, kana ta murna, ga abokanka a tsaye. Na ji nauyin in ce wa mijin 'yata aikinsa bai yi ba. Na ce bari in jira, in ya tambaye ni sai in faɗa." Ya numfasa. "Na yafe maka duniya da lahira. Tashi."

Isiyaku ya kasa tashi. Ya kifa kansa a bakin gado ya yi kuka mai yawa.

Ranar tafiya shi ya tura keken guragun da surukinsa ke ciki a filin jirgi, Safiyatu na biye da jaka tana share hawaye. Ya sa masa matashi a baya. Duk inda daɓen ya ɗan yi tudu sai ya tsaya, ya sunkuyo ya ce, "Baba, ya ka ji? Ya buge ka? In gyara matashin?" Ya tambaya a bakin ƙofa, ya tambaya a layi, ya sake tambaya a wajen awon kaya. Da suka kai inda ba a barin mai rakiya ya wuce, Malam Sambo ya dafa hannunsa ya ce, "Yanzu kam ya yi daidai." Ma'aikaci ya karɓi keken ya shige da shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk iyawarka, abin da kake gyarawa wani ne zai hau, kuma shi ne ya san inda yake masa ciwo. Tambaya ba ta rage wa gwani daraja, kuma kunyar da za ta hana ka tambayi lafiyar wanda kake girmamawa ba ladabi ba ce, girman kai ne. Ka bar mutum ya ƙarasa maganarsa kafin ka ce ka gane. Wanda aka yi wa aiki kuma, in ya ji ba daidai ba, ya faɗa tun yana kan kujera, kada ya jira sai an tambaye shi.