Jatau Ya Ƙi Aske Gemu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Can ƙasan teku akwai wani jan kifi mai taurin kai, ana ce masa Jatau. Gemu gare shi, sili biyu rak a ƙarƙashin haɓa. Da shi yake tonon yashi yana lalubo tsutsa, ƙananan kifaye na biye suna tsintar abin da ya taso.

Ƙaguwa, uwar gulma, ta kai ƙara fada: "Ranka ya daɗe, wannan ba kifi ba ne, bunsuru ne ya faɗo ruwa!"

Sarkin Kifaye ya kira shi ya ce, "Ko ka aske gemun nan, ko ka koma garke."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓawo a jikina, ga wutsiya mai baki biyu. Wane bunsuru ka taɓa gani haka? Gemu kuwa, wallahi ba mai taɓa shi!"

Sarki ya hana shi tono. Jatau ya naɗe gemunsa ya kwanta. Yunwa na cin sa, amma ko gezau. Kwana uku ba wanda ya tayar da yashi, har 'ya'yan Sarki suka rame.

Sarki ya zo da kansa: "Jatau, tashi ka yi tono."

"Wa kake kira, bunsuru ko kifi?"

"Kifi, ɗan kifi!"

Sai Jatau ya warware gemu, ya fara tono daidai inda Ƙaguwa ta ɓuya.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya faɗa teku!