Dutsen Gugar Malam Nasidi Ba Ya Cin Wuta

Akwai wani Malam Nasidi a Kaura Namoda, mutumin da ko sayen albasa zai je sai karin gugar rigarsa ya isa yanka tumatir. Wata safiya ya tsaya tsakar gida yana tafa hannu, wai tunda aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar shi ba.

Mene ne zaluncin? Batirin solar gidansu na mutuwa kafin la'asar, fanka ta tsaya, shi kuma ya yi gumi a cikin shadda.

Ya ce laifin firjin matarsa Kulsumu ne, wanda take ƙanƙara da kunun aya a ciki tana sayarwa. Ya yanke hukunci: a kashe firji. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da sana'arta ke ci.

Kulsumu ta ce, "Maigida, ba a yanke wa ɓarawo hannu sai an kama shi da kaya. A auna tukuna."

Ya tafi kasuwa ya sayo ma'aunin wuta, 'yar na'ura mai baki kamar na ƙaguwa. Mai shagon ya ja masa kunne: jar waya guda ɗaya tak ake maƙala wa, a akwatin wuta, bakin ya rufe ruf. In aka haɗa wayoyi biyu a ciki, mai kai wuta da mai mayarwa, sifili zai nuna. Nasidi ya ji wannan, ya yi murmushi.

A gida ya kashe komai, ya bar firji, ya maƙala a jar waya. Lamba ta fito.

"Kin gani? Wanga firji naki kura ne!"

"To, saura dutsen gugarka."

Ya jona dutsen, ya kama igiyarsa gaba ɗaya, mai wayoyi biyu a ciki, ya maƙala. Sifili.

"Allahu Akbar! Bawan Allah, azumi yake yi. Ko ɗigo bai sha ba."

Idon Kulsumu kuwa na kan hannunsa. Dutse ya yi zafin da zai gasa gurasa, a ce bai ci komai ba? Ta karɓi na'urar, ta je bayan firji, ta maƙala a igiyarsa yadda ya yi wa dutsen. Sifili.

"Maigida, ashe nawa ma azumin yake. To wa ke shanye mana wuta, aljannu?"

Nasidi ya hau tari. "Na'urar ta gaji. A bari sai gobe."

"Yau dai."

Ta cire dutsen, ta koma akwatin wuta, ta maƙala a jar wayar, ta danna har bakin ya ce ƙas. Firji kaɗai, lamba 'yar kaɗan. Ta ce ya jona dutsensa. Ya ce bayansa na ciwo. Ta jona da kanta.

Lamba ta yi tsalle ta ninka ta firji har ba a magana.

Nasidi ya dubi na'ura, ya dubi rigunansa da ke jiran guga a kan igiya.

"Mi kika sani game da martaba? Mutum kamata ya hita da riga a yamutse?" Ya sosa ƙeya. "To, na ji. Ni ne kurar. Amma kura mai tsabta."

Washegari aka ga Malam Nasidi a ƙofar gida yana hura gawayi a tsohon dutsen guga, yana gaya wa masu wucewa cewa na gawayi ya fi fitar da kari. Firji kuwa yana ciki yana ta gurnaninsa, cike da ƙanƙara.

Darasi: Ma'auni ba ya ƙarya, sai dai hannun da ya ɗora shi. Kafin ka ɗora wa wani laifi, auna shi inda za ka auna kanka. Ku tura wa masu sola, musamman masu yawan guga.