Galan Ɗin Malam Ilu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da motoci ba su yi yawa ba. Sunansa Malam Ilu, direba ne. Ku matso ku saurara, na baya ma a ajiye hirar nan tukuna.

Malam Ilu ya tsufa yana tuƙa wa wani attajiri mota, irin doguwar nan mai shiga daji da hawa dutse. Ba makanike ba ne, karatun boko kuma bai yi ba. Amma ranar da aka sayo motar an gaya masa abu ɗaya, ya riƙe. A ƙarƙashin mota, tsakanin tayoyin baya, akwai wata tukunyar ƙarfe da ake kira aksul. A cikinta haƙoran ƙarfe ke cuɗanya suna juya tayoyi. Tana da nata mai daban, mai kauri, kuma aksul ɗin wannan motar ba kowane iri yake sha ba. In aka zuba wanda ba nasa ba, ba zai nuna yau ba, ba zai nuna gobe ba. Sai an yi watanni ya fara kuka, haƙoran suna cin juna, wata rana ya ƙame a hanya, wataƙila a gangare, da mutane a ciki.

To, da yake bai iya karanta rubutun jikin galan ba, sai ya yi dabara. Ya ajiye wofin galan ɗin da aka fara zuba wa motar. Duk sanda ya kai ta gyara a kamfanin da aka saye ta, sai ya fito da shi, ya kara da sabon, ya dubi launi, ya dubi zane, ya dubi lambobi. In sun yi daidai ya ce a zuba. Ma'aikatan wurin har suna suka sa masa, Baba Mai Galan. Shi ma ya taya su dariya.

Ana nan, sai attajirin ya rasu. Magada suka yanke shawarar sayar da motar ga mutanen wani ƙauye na kan dutse, suka ce Malam Ilu ya kai ta a yi mata gyaran ƙarshe. Daga ranar da ya miƙa makulli, aikinsa ya ƙare. Ga tsufa, ga iyali. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne shugaban makanikan kamfanin, wani mai suna Sahabi, ya yi masa alkawarin zai sa baki a ɗauke shi yana kai wa masu saye motocinsu.

Ranar da ya kai motar, ashe man aksul ɗinta ya ƙare a sito, sabo kuma sai an kawo daga wani gari mai nisa. Motoci sun yi layi, manajan kamfanin yana ta faɗa. Sai Sahabi ya ce a ɗebo na cikin duro, wanda ake zuba wa kowace mota, a cika a sallame ta. Malam Ilu yana tsaye da galan ɗinsa, ya ga abin da ake shirin yi.

Jama'a, ku dubi inda bawan Allahn nan ya tsaya. Mai mota yana kabari. Magada ba su san me ake kira aksul ba. Masu saye bai taɓa ganinsu ba. In motar ta lalace bayan watanni, ba wanda zai tuna da shi. Wanda kuma zai ɓata wa rai in ya yi magana, shi ne mai riƙe da abincinsa na gobe.

Bai ɗaga murya ba. Ya ja Sahabi gefe, inda ma'aikata ba za su ji ba, ya ce masa man nan ba shi ba ne, a yi haƙuri a jira nata.

Sahabi ya ce, "Baba, mai dai mai ne. Motar nan gobe ba taka ba ce. Wa zai sani?"

Malam Ilu ya ce, "Ni zan sani, Sahabi. Da hannuna zan miƙa musu makulli, za su tambaye ni lafiyarta, zan buɗe baki in amsa."

Ran Sahabi ya ɓaci. Ya ce to, mota ta zauna, amma wanda ke zuwa da galan yana bincikar aikinsu, bai ga yadda za su yi aiki wuri ɗaya ba. Malam Ilu ya gane abin da ake nufi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin shi ma mutum ne, kuma ya san abin da ya baro a gida. Ya koma kan benci ya zauna.

Haka ya riƙa zuwa kullum da safe, ya gaida kowa, har Sahabin da ba ya amsawa da kyau. Magada suka yi masa faɗan jinkiri, ya ce man motar ne bai iso ba. Manaja ya tambaye shi me ya tsare motar, ya ce man ne bai iso ba. Ku lura, gaskiya ya faɗa, amma bai ƙara kalma ɗaya da za ta tona asirin Sahabi ba. Da ya ga dama, magana ɗaya ta isa.

Da man ya iso, aka buɗe a gabansa, ya kara galan da galan, aka zuba. Ranar da mutanen ƙauye suka zo, ya miƙa wa direbansu makulli, ya miƙa masa wofin galan, ya nuna masa yadda ake dubawa.

Na san kuna jira in ce an kira shi an ba shi aikin. Ba a ba shi ba. Ya koma yana sayar da itace a ƙofar gidansa. Sahabi kuwa abin ya tsaya masa a rai, ba man ba, rufin asirin. Ya daɗe yana cewa zai je ya nemi gafara, yau gobe, yau gobe. Ranar da ya je, sai ya tarar ana zaman makokin Malam Ilu. Tun daga nan bai sake zuba wa mota mai ba sai ya kira mai ita ya buɗe galan a gabansa. In an tambaye shi dalili, sai ya ce wani tsoho ne ya koya masa.

Motar kuwa ta yi shekaru tana hawa da sauka a dutsen nan, da marasa lafiya, da masu zuwa kasuwa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya san sunan Malam Ilu. Amma Wanda ya halicce shi ya sani.

Wannan ita ce amana, jama'a: ka kyautata abin da ba wanda zai duba, saboda mutumin da ba zai taɓa gode maka ba. Kowa a nan yana da aksul a sana'arsa. Magini, simintin da ka zuba a tushe ƙasa ta rufe shi, amma akwai masu kwana a ƙarƙashin rufin. Kai ma mai mota, in ka kai gyara, ka nemi a nuna maka abin da za a zuba, cikin ladabi, domin ba ranka kaɗai ke ciki ba. In ka kama ɗan'uwanka zai yi kuskure, ka ja shi gefe. In kuma akwai wanda kake cewa gobe za ka nemi gafararsa, ka je yau.

Allah Ya sa abin da muka ɓoye ya fi abin da muka bayyana kyau.