Sai Ka Rama

A wani ƙauye tsakanin Jajaye da Rogo an yi wani mutum mai tufkar igiya. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Amma na san shi kamar yunwar cikina, don gonarsa tana jikin tawa.

Ya 'yan uwa, ni ban yi allo ba, ban san baƙi ba balle fassara. Amma ina saurayi Nasara suka shiga Kano. Na ga yunwar Kakalaba, na ci tafasa ba gishiri na rayu. Ciwon agana ya kama ni, ta kwantar da ni, ta gaji, ta bar mini zane a fuska ta tafi. Na ɗauki kayan Bature a ka daga Karaye har Zariya ban ce wash ba. Wanda ya ga wannan duka, in ya buɗe baki a saurara.

Mutumin nan igiyarsa ba ta da na biyu. Rama yake shukawa a bayan gida, ya jiƙa, ya saɓule ɓawon, ya tufka. Masu jakunan kai gyaɗa kanti ba sa ɗaure kaya sai da tasa. Salla ba ta wuce shi. Allah ya ba shi ɗa namiji guda ɗaya, Liti, da 'ya mace, Rekiya, ƙanwar Liti. Uwarsu sunanta Sabuwa.

Shi gajere ne, ya sha raini tun yana yaro. Don haka burinsa a duniya guda ne: Liti ya tashi namijin da ba mai taka shi. A kan ɗan nan ya ɗora komai.

Wata rana da hantsi muna zaune a ƙofar gidansa yana tufka, sai ga Liti ya shigo da kuka. Lokacin ko kaciya ba a yi masa ba. Wani yaro ne ya ƙwace masa gyaɗa ya ture shi. Uban ya ninka igiyar da ke hannunsa ya zuba masa a baya.

“A gidana ba a kuka! Fita! Rama! Rama na ce! Kada in ga ƙafarka sai ka rama!”

Yaro ya fita da gudu. Can sai ga shi ya dawo yana shessheƙa, hannu biyu cike da ganyen rama da ya tsinko a bayan gida. Ya durƙusa ya miƙa.

“Baba, ga ta.”

Ina laifin yaro? Tun da ya buɗe ido, ramar da ya sani ita ce wadda ake kwaɗo da ita, ake igiya da ita. Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce, “Sarkin tufka, sai a kawo ƙuli a haɗa mana!”

Dariyar nan ita ta kashe gidan. Mutumin ya ga an sake raina shi, a ƙofar gidansa, ta bakin ɗansa. Ya ja yaron cikin zaure. Sai da Sabuwa ta faɗa a kansa, ita ma ta sami rabonta, sannan ya bari.

Daga ranar Liti ya gane ramar da ake nufi. Amma ku dubi abin da ya gane. Wanda yake dukansa kullum ubansa ne, uba kuwa ba a rama masa. To ina zai kai ta? In an dake shi a gida, sai ya fita ya nemi ɗan akuya. Daga ɗan akuya ya koma jaki. Daga jaki ya koma 'ya'yan mutane, kuma kullum wanda bai kai shi ba.

In an kawo ƙara, uban ya ɗaure shi a turke ya zane shi a gaban mai ƙara. Mai ƙara na juya baya, sai ya tura masa tsokar nama ya ce, “Haka maza suke.” In ya yi kuka a dake shi. In ya sa wani kuka a dake shi, a ba shi nama. Ya 'yan uwa, ko ni da na ga jiya na ga yau, da ni aka yi wa haka, da ban san gabas ba.

Na taɓa miƙa masa guntun rake. Kafin hannuna ya isa, ya kare kansa da hannu biyu ya runtse ido. Ita ma Rekiya, wata rana na leƙa ta katanga na ga ta ɗaure 'yar tsanarta ta kara a jikin turmi tana tsula mata tsinke, tana cewa, “Yi shiru, a gidana ba a kuka.”

Na tari uban a kunyar gona na ce, “Wane, icen nan tanƙwara shi kake ko karya shi?”

Ya ce, “Dogara, kai da zuma ubanka ya rene ka?”

Ubana dorinarsa har suna gare ta a unguwa.

Shekaru suka tura. Bayan shekarun da fara ta cinye amfanin gona, Liti ya zama ƙaton saurayi, ba aboki, ba dandali. In ya biyo hanya yara su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Uban ya zauna a kasuwar Rogo yana baza igiya yana cewa, “Duk ƙasar nan wa zai taɓa ni? Ina da zaki a gida.”

Ana nan sai rigimar iyakar gona ta haɗa shi da wani maƙwabcinmu, Maikuɗi, a kan 'yan tsirarun ciyawar gamba da ba su kai a yi zana ɗaya ba. Ranar kasuwa magana ta yi zafi. Maikuɗi ƙato ne. Ya ɗauke mai tufkar da mari, hula ta faɗi cikin igiyoyi, kasuwa tana kallo.

Na rako shi gida. Liti na zaune a zaure. Uban bai dube shi ba, ya ce, “Ga ƙato yana cinye mini tuwo, ana marin ubansa a kasuwa.”

Liti ya miƙe. Ya zare ƙotar fartanya ya fita.

Ni kuwa na san a garin nan ba mai iya riƙe Liti sai ni. A zamanina na kada maza a kokawa har Yammedi. Na yanke ta lungu na riga shi ƙofar gidan Maikuɗi, na ɗaure wando na tsaya. Na jira. Na jira. Liti bai zo ba.

Ashe gona ya nufa. Maikuɗi yana da ɗan ƙaramin yaro, Shitu, yana kan rumfar kara yana korar tsuntsaye daga dawa. Bai ma san an yi mari a kasuwa ba. Bugu ɗaya ne. Kafin la'asar yaron ya cika.

Ina komawa na tarar da Liti durƙushe a gaban ubansa. Tun da nake ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Murmushi yake.

“Baba, na rama.”

Da labari ya iso, uban ya kama kai yana cewa, “Ba haka na ce ba! Ba shi na ce ba!” Liti ya dube shi, ya dube ni, kamar mai jiran a ce masa ya yi daidai ko bai yi ba.

'Yan doka suka tafi da shi Karaye. Na bi su, a kunnena aka yi. Alƙali ya ce, “Me yaron ya yi maka?”

“Ba komai, Allah ya gafarta malam.”

“Wa ya mari ubanka?”

“Maikuɗi.”

“To don me ka bar Maikuɗi ka je wa ɗansa?”

Liti ya ce, “Ai haka ake ramawa.”

Aka wuce da shi birni. Wasu sun ce ciwo ya kashe shi a tsare, wasu sun ce hankalinsa ne ya gushe. Ba wanda ya sake ganinsa a ƙasarmu.

Sabuwa ta ɗauki Rekiya ta koma gidansu a Kurugu. Masu jakuna suka daina sayen igiyarsa, suka ce ba za su ɗaure abincinsu da ita ba. Gona ta zama saura, ba mai noma ta. Mutumin da ya so a ji tsoron gidansa, sai ga awaki suna kwana a zaurensa. In ya tare ka a hanya, ya riƙe maka riga ya ce, “Don Allah gaya mini, me na yi wa yaron nan wanda ubana bai yi mini ba?” Da tambayar nan a bakinsa ya mutu. Da ƙyar aka sami masu ɗaukar makara.

Ya 'yan uwa, ni ma ya tambaye ni, kuma har yau tana cina. Ni an dake ni, ga ni nan, haƙorana ma ba su zube ba. Na daɗe ina cewa duka ne ya yi ni. Amma mu huɗu ne a ɗakin uwarmu. Basiru ya gudu Ikko yana yaro, uwarmu ta mutu tana kallon hanya. Sulle har ya yi furfura in an ɗaga murya i'ina take kama shi. Lukumanu mata uku suka gudu daga hannunsa. Ni kaɗai na fita da ƙafata. To ni ne shaida, ko su ukun? Duka ne ya yi ni, ko dai Allah ne ya tsamo ni daga cikinsa kamar yadda ya tsamo ni daga agana? Wanda ya warke daga agana ba ya shafa wa ɗansa ita don ya yi ƙarfi.

Ban san amsar duka ba. Abin da na sani, yaro ba ya zubar da dukan da aka yi masa. Ajiyewa yake, ya kai wa wanda bai ci ba bai sha ba. Na ji malamai suna cewa wanda ba ya jin ƙan ƙanananmu ba ya cikinmu. Ɗa amana ne, za a tambaye ka. In ka ɗaga hannu, tsaya ka tambayi kanka: laifinsa zan hora, ko haushin da wani ya ba ni a kasuwa zan sauke? In ɗanka ya shigo da kuka, fara tambayarsa inda ke masa ciwo.

Allah ya jiƙan Shitu. Allah ya dubi Liti da rahama duk inda ya kwanta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga hannunmu. Amin.