Wasiƙar Baturen Layi

Akwai wani mai gyaran waya da 'yan unguwa ke kira Baturen Layi, saboda ko gaisuwa zai yi sai ya cusa Turanci a ciki.

Wata safiya bututun ruwa ya fashe a ƙofar gidansu, ruwa ya fara cin bangon ɗakin mahaifiyarsa. Bature ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya taɓa bango, ya leƙa titi, ya dawo ya ɗaga katifa, ya sake fita.

Cikin wannan zafin ya rubuta wa manajan hukumar ruwa wasiƙa da Turanci. Ba gaisuwa, ba kwanan wata. Ya kira su malalata, ya ba su wa'adin kwana ɗaya.

Kwana huɗu shiru. Bango ya tsage.

Yayarsa, wadda ta daɗe tana buga takardu a ofis, ta karanta kwafin wasiƙar ta dube shi.

"Ƙanena, wannan wasiƙa ce ko dambe?"

"Yaya, ai gaskiya na faɗa!"

"Ka faɗa. To ina sunan layinmu? Ka cika shafi da zagi, ba ka gaya musu inda ruwan yake ba."

Ya karɓi takardar ya sake dubawa.

Ta zaunar da shi yana ta kaɗa ƙafa, ta sa shi ya rubuta sabuwa. Adireshi a sama, kwanan wata, gaisuwar girmamawa, matsalar a jimla uku, sannan godiya da sa hannu.

"Yanzu kuma roƙonsu zan yi?"

"Ba roƙo ba ne. Mutum ne zai karanta, shi ma yana da zuciya."

Da kansa ya kai. Manajan ya karanta har ƙarshe, ya ɗago.

"Ashe a nan ne! Wani ya aiko mana zagi makon jiya, ba adireshi, ba lamba. Layi uku ma'aikatana suka zaga suna nema."

Bature ya sunkuyar da kai. "Ni ne, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

Kafin la'asar an toshe bututun. Amma gefen bangon ya riga ya zube, kuma Bature ne ya kwashi kayan mahaifiyarsa a ka zuwa ɗakin yayarsa.

Darasi: Idan za ka rubuta wasiƙar Turanci zuwa ofis, ajiye fushi a gefe. Yi gaisuwa, faɗi buƙatarka dalla-dalla cikin ladabi, ka gode. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana riƙe da biro cikin fushi yanzu haka.