Madarar da Ta Ƙi Zama Kindirmo

Akwai wani mutum mai shanun tatsa goma sha biyu, yana ƙaunarsu har ya san tarin kowace. Saboda ƙaunar nan, duk ranar kasuwa sai ya sayo allurar kashe ƙwayoyin cuta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mai ciwo da mai lafiya. Matarsa kuwa kindirmonta ya yi suna, har daga asibiti ake aikowa a saya wa majinyata.

Ana nan sai kansila ya kawo shawara a hana sayar da allurar sai da takardar likitan dabbobi, domin a asibiti an ce magani ya fara daina ci a jikin mutane. Gari ya rabu biyu, mutumin nan ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce, "Su da ba su taɓa riƙe igiyar saniya ba!"

A kwanakin ne madarar matar ta ƙi kamawa. Ta zuba tsohon nono yadda ta saba, gari ya waye tsululu. Ta sake ƙwarya, a banza. Masu saye suka fara wuce ƙofarta. Sai ta roƙi madara wajen wata gwauruwa da ba ta yi wa saniyarta allura, ta haɗa ƙwarya biyu, ɗaya da madarar gwauruwar, ɗaya da tasu.

Da safiyar ranar da gari zai taru kan shawarar, ta ajiye su gabansa. "Baban Damaris, buɗe ka gani."

Ta gwauruwa ta daskare, tasu ruwa.

Ta ce, "Na tambayi nas. Allurarka tana fita a madara, ta kashe ƙwayoyi masu amfani da suke mai da ita kindirmo. Miyagun kuma su saba da maganin, su daina jin sa."

Ya dubi ƙwaryarsu ya ce, "Ita muke aika wa majinyata?"

"Ita fa, angon shanu."

Ya sosa ƙeya. "Ɗaura mini ƙoren a mashin. Gara su ji daga bakina."

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan ba mugu ba ne, ƙauna ce da shi wadda ba ta tambaya. 'Yan'uwa, mu ma haka muke, yaro ya yi atishawa mun ɓalle masa kafso. Magani baiwar Allah ne, amma ba naka kai kaɗai ba. Wanda ka ɓarnatar yau, maƙwabcinka zai nema gobe ya tarar ba ya ci. In kuwa Ubangiji ya nuna maka kuskurenka ta bakin na gida, kada ka tsaya kare girma. Tashi ka faɗa a gaban jama'a.