Ƙofar da Aka Toshe da Bulo

An yi wani mutum, ɗan kasuwa, wanda Allah ya buɗa wa. Ya sayi makekiyar gona a bayan gari, ya gina gida a tsakiyarta, ɗakuna goma sha biyu, ga mangwaro, ga lemo, ga rijiyar burtsatse da tankinta. Maƙwabtansa manoma ne da masu 'yan awaki, gidajensu jefi-jefi.

Ba mugu ba ne, ya 'yan uwa. Mutum ne mai fara'a, mai son wasa da tsofaffi. Har wata 'yar ƙofa ya bari a bayan katanga don mata su riƙa shigowa ɗiban ruwa. Wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo ita ce abokiyar tsokanarsa. In ya gan ta da bokiti sai ya ce, "Amaryata, yau ma satar ruwa?" Ita kuwa ta ce, "Mijin da ke ƙyashin ruwa ai gudunsa ake yi."

Ran nan ya yi baƙi daga birni. Suna zaune a inuwa sai akuyar Gwaggo ta biyo mata masu ɗiban ruwa ta 'yar ƙofar, ta hau cin furannin da ya shuka. Wani baƙo ya kece da dariya, ya ce, "Wannan gida ne ko mashayar dabbobi?"

Maganar ta soke shi. Kashegari ya kira magini, ya nuna masa 'yar ƙofar.

Magini ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa mata sakata mana."

Ya ce, "Toshe ta da bulo. Ka ƙara wa katangar tsawo, ka jera fasassun kwalabe a kai."

Gwaggo ta zo babbar ƙofa ta ce, "Ɗana, akuya ce ta yi laifi, kuma na ɗaure ta." Zuciyarsa ta karaya, amma yana kunyar a ce ya janye maganarsa. Ya kau da kai. Mata suka koma rafi mai nisa.

Wa ya san abin da gobe za ta haifa?

Da rani ya tsananta, wata rana da hantsi ya kwashi iyalinsa zuwa cikin gari, ya kulle ƙofar ƙarfe, ya sa makulli a aljihu. Wayar injin ruwa ta yi tartsatsi, busasshiyar ciyawa ta kama. Maƙwabta suka hango hayaƙi. Babu wanda ya tsaya tuna abin da aka yi masa. Maza da mata suka sheƙo da ruwan da suka sha wahalar ɗebowa daga rafi. To, ta ina za su shiga? Suna watsawa ta saman katanga, ruwan na zubewa a banza, ga tanki cike a ciki. Magini na dukan bulon da guduma yana hawaye, yana cewa, "Ni na gina shi, na san ƙarfinsa."

Kafin mai gidan ya iso, rufi ya rufta, hajar kasuwarsa da ke ciki ta zama toka. Bai sake tashi ba. A wani ɗan ɗaki na bakin ƙofa da wuta ba ta ci ba ya ƙarasa zamansa, maƙwabtan nan ne ke ciyar da shi.

Ya 'yan uwa, dariyar baƙo ɗaya ce ta raba shi da mutanen da ke ƙaunarsa. Baƙo ya koma birni, maƙwabci ne ya zo da bokiti. Kada girman kai ya sa mu hana ruwa, kada kunya ta hana mu gyara kuskure tun da sauran lokaci.

Allah ya yafe masa, mu kuma Allah ya kiyaye mu.